J-B Weld a fuskar manifol da ruwa ya cinye, abin da na gani da na yi aiki da shi

Jama'a wannan bayani ne a kan gam ɗin nan J-B Weld, na asali mai tiyub biyu, baƙi da ja, da yadda ya yi min aiki a fuskar manifol ɗin iska (wato abin da ke raba iska zuwa silindojin inji) ta alminiyom wadda ruwan lagireto ya ci ya bar mata ramuka daidai inda gasket ke zama. Tun farko in faɗa muku ra'ayina, gam ɗin yana aiki kuma na gamsu da shi, amma aikinsa cike rami ne kawai, duk wanda ya ɗora masa abin da ya wuce haka to zai sake kwance injin nan ba da daɗewa ba.

Injin da na yi wa aikin V6 ne irin wanda ruwa ke bi ta cikin manifol ɗin ƙasa ya tsallaka daga wannan kan silinda zuwa wancan. Ba kowane inji ne haka ba, akwai da yawa da iska kaɗai ke bi ta manifol, su ba su cika samun wannan matsalar ba. Amma masu V6 da V8 na Amurka sun san zancen sosai, musamman injinan kamfanin General Motors (GM) masu lita 3.1 da 3.4 da gasket ɗinsu na roba ya yi ƙaurin suna wajen yoyo har aka je kotu a kai, da kuma tsofaffin V8 masu kan silinda na baƙin ƙarfe da manifol na alminiyom. Alamar da motar ta zo da ita ita ce ruwa na raguwa a hankali ba ka ganin inda yake ɗiga a ƙasa, sai ka buɗe murfin baƙin mai ka ga wani kumfa-kumfa fari-fari ya taru a jikinsa, ga silo baya zama daidai yana hawa yana sauka. Da aka ɗaga manifol ɗin aka kankare tsohon gasket sai ga su nan, ramuka ƙanana-ƙanana zagaye da ƙofofin ruwa na gefe, wasu kamar an tsira allura wasu kuma sun haɗe sun zama kwari ɗaya da ya ratsa daidai layin da gasket ke dannewa, ga farin gari cike a cikinsu.

Wannan farin garin shi ne tsatsar alminiyom, kuma yana da kyau mutum ya gane dalilin zuwansa kafin ya taɓa gam. Ruwan sanyaya inji na kirki yana ɗauke da sinadarai masu kare ƙarfe daga ci, kuma sinadaran nan ƙarewa suke yi da shekaru ko da kalar ruwan bata canza ba. In suka ƙare, ko kuma dama zallan ruwa ake ɗurawa, to alminiyom da baƙin ƙarfe da ke haɗe cikin ruwa ɗaya sai su zama kamar ƙaramin batir, kuma kullum alminiyom ɗin ne ke narkewa. Wajen da ya fi shan wahala shi ne bakin gasket, inda ruwa ke ɗan shiga ƙarƙashi ya kwanta baya gudu. Akwai kuma matsalar wayar at, wato wayar da ke mayar da wuta, in wayar da ta haɗa inji da bodi ta saki ko ta yi datti sai wuta ta nemi hanya ta cikin ruwa, wannan kam cinsa ya fi sauri. Shi ya sa sabon gasket kaɗai baya isa a irin wannan fuskar, gasket an yi shi ne ya kwanta kan abu mai santsi ya cike ɗan ƙaramin karce, ba zai iya nutsewa cikin rami mai zurfin milimita ɗaya ba, ruwa zai bi ta ƙarƙashinsa ya wuce abinsa, ko dai waje ko kuma cikin baƙin mai wanda shi ne mafi muni don daga nan sai ya lalata karanshaf da metal ɗin da yake juyawa a kai.

To zaɓin da ke gaban mutum a nan ba su da yawa. Ko ka sayi wani manifol, ko ka kai a yi walda a cike sannan a goge a mashin, ko a goge fuskar kawai a mashin, ko ka cike da gam irin wannan. Sabon manifol shi ya fi komai in ana samu, babu gardama, amma na tsofaffin motoci ba kullum ake samu ba kuma na hannu da za ka samo sau da yawa in ka juya shi za ka ga shi ma ruwan ya fara cinsa a waje ɗaya. Walda kuma, duk wanda ya taɓa ganin ana waldar alminiyom da ya sha ruwa da mai shekara da shekaru ya san yadda datti ke ta tasowa yana yin ƙananan kofofi a cikin waldar, ga zafi yana iya lanƙwasa fuskar dole sai an bi da mashin. Gogewa a mashin ita ma a injin V tana da nata sharaɗin da mutane da yawa basa tunawa, manifol ɗin a tsakanin kawunan silinda biyu yake zaune, in ka rage masa nama da yawa sai ya ƙara nutsewa ƙasa, ƙofofin iska su daina fuskantar juna daidai, ramukan noti su goce, tazarar gaba da baya ita ma ta canza. In ramukan ba su da zurfi a ɗan share kaɗan ba laifi, amma a ce za a ci fuska har sai an kai ƙasan rami mai zurfi, wannan ɓata manifol ne. Nan ne gam ya samu wajen shiga.

Shi J-B Weld ɗin abu biyu ne, tiyub ɗaya mai baƙin rubutu shi ne gam ɗin mai garin ƙarfe, ɗaya mai ja shi ne mai sa shi ya daskare, ana matso su daidai wa daida a cakuɗa har sai kalar ta zama toka-toka mai duhu ba zane-zane a ciki. Kamfanin ya rubuta yana fara kamawa cikin awa 4 zuwa 6, yana gama ƙarfi cikin awa 15 zuwa 24, kuma in ya gama yana jure zafi har wajen digiri 287 a ma'aunin salshiyos. Manifol ɗin iska ko kusa da haka baya zuwa, ruwan inji yana yawo ne wajen digiri 90 zuwa 105, don haka ta ɓangaren zafi hankalina kwance yake. Amma a kula, akwai ƙaninsa mai saurin kamawa da suke kira KwikWeld, shi cikin minti 6 yake kamawa, kuma nasan masu gaggawa shi hannunsu zai fara kaiwa, to shi zafin da aka rubuta masa wajen digiri 110 ne kawai, wato daidai bakin inda ruwan inji ke kaiwa in mota ta ɗan yi obahitin a go-sulo. Wannan ba aibu bane a gare shi, ba don irin wannan wajen aka yi shi ba. Ni dai na asali nake ba da shawara, mai jinkirin, kuma jinkirin nasa ma amfani ne don yana baka lokaci ka tura shi cikin kowane rami ba tare da hannunka na rawa ba.

Yanzu wajen da nake so a tsaya a karanta da kyau shi ne wanki, don gaskiya a nan aikin yake gaba ɗaya, shafa gam ɗin ba komai bane. Gam baya kama farin garin nan, in ka shafa a kansa to a kan gari ka shafa, ranar da ruwa mai zafi ya samu hanya zai ɗaga facin gaba ɗaya ya fito. Dole kowane rami sai ka tone shi har ka ga alminiyom mai ƙyalli a ƙasansa. Ni da tsinken ƙarfe mai kaifi na fara, rami bayan rami, sannan ƙaramin burushi na waya, wanda ba ya tsatsa ake so don na baƙin ƙarfe yana barin ɓurɓushi a jikin alminiyom ya zama wani sabon mafarin ci. Inda ramin yake da ƙaramin baki amma ciki ya yi faɗi, kuma da yawansu haka suke, sai na ɗan buɗa bakin da ƙaramin bakin diril a hannu don gam ya samu shiga, za ka sha mamaki yadda rami da ka raina daga sama yake da ɗaki a ciki. Bayan nan wanki da asiton ko feshin wanke birki, a fesa a goge da tsumma mai tsabta a sake fesawa har sai tsumman ya daina canza kala. Kar a wanke da fetur ko kananzir ko gas, suna barin maiƙo, kuma maiƙo shi ne babban abokin gabar wannan gam ɗin. Tsohon alminiyom yana shan mai da ruwa a jikinsa, don haka na ɗan ɗumama wajen da iska mai zafi, sai ka ga wani danshi yana tsattsafowa daga ramukan da ka rantse sun bushe, ka sake wankewa. Kuma da ka gama kar ka bar shi ya kwana, alminiyom nan da nan yake sake yin wata fata a sama, a cakuɗa gam a shafa a lokacin.

Wani abu da zan roƙi 'yan uwa bakanikai, don Allah a daina sa faifan gurza na diril ɗin nan a fuskar gasket, irin mai kama da soso. Nasan yana da sauri kuma wajen yana fitowa yana ƙyalli ya ba ka sha'awa, amma yana cin alminiyom ba daidai ba ya bar kwari-kwari da ido baya gani, sannan garin da ke zuba daga jikinsa yana da kaifi sosai, in ya faɗa cikin inji filtar mai bata tare shi duka, kai tsaye metal yake zuwa ya ci. GM da kansu sun fitar da gargaɗi ga bakanikansu a kan haka. Manifol ɗin nan da na yi aiki a kansa akwai alamar wani ya taɓa bin sa da irin wannan faifan a baya don gefen ƙofa ɗaya ya ɗan zagaye ya faɗa, kuma wajen ya fi ramukan ba ni wahala. Reza da abin kankara na roba sun isa, a toshe ƙofofin kan silinda da tsumma kafin a fara.

Shafawar kuma ga yadda na yi. Na ɗebi kaɗan a bakin tsinke na fara cusa shi cikin ramukan ina dannawa don iska ta fito, in ka shafa daga sama kawai iska na maƙalewa a ƙasa ta zama kogo. Sannan na bi da sabuwar reza a kwance na share, na bar shi ya ɗan fi fuskar tudu kaɗan. A nan ne na yaba masa sosai, kaurinsa daidai ne, baya da ruwa-ruwa da zai gudu kuma baya da taurin da zai ƙi shiga ƙananan wurare, kuma da ya bushe ban ga ya shanye ya koma ciki ba. Sai dai a awannin farko yana ɗan malala in fuskar a karkace take, don haka a jingina manifol ɗin yadda fuskar da aka shafa za ta kalli sama a miƙe, wanda ke nufin a injin V gefe ɗaya za ka yi ka jira ya kama sannan ka juya ɗayan. Eh yana cin lokaci, wannan shi ne babban abin da mai gaggawa zai ƙi a game da shi, mota za ta kwana a kwance ko ta kwana biyu. In gari da sanyi ma ya fi haka jinkiri. Ni na bar shi ya cika awa 24 ɗinsa kafin na sa masa sanfefa, in ka yi gaggawa yana cukuikuyewa a jikin sanfefar ya fizgo daga ramin.

Gogewa ba da yatsa ake yi ba. A samu abu mai faɗi wanda aka tabbatar a miƙe yake, gilashi mai kauri ko guntun ƙarfe da aka goge a mashin, a naɗe sanfefa a jiki, a fara da lamba 220 a ƙarasa da 320 ko 400, ana bin fuskar gaba ɗaya da dogon hannu ana canza kwana, ba a tsaya waje ɗaya ana ta gurza ba. Gam ɗin yana goguwa da kyau, baya ɓarewa a baki-baki, kuma za ka ga lokacin da ya isa don tokar za ta rage a cikin ramuka kaɗai sauran waje duk alminiyom ne, in ka bi da farce baka jin gaɓa. Daga nan sai a ɗora ƙarfen awo miƙaƙƙe a gwada da fila geji, wato siraran ƙarafan auna tazara, a tsaye da a kwance da kwana zuwa kwana, a duba littafin motar don kowane inji da iyakar da aka yarda masa. In fila geji na shigewa fiye da iyaka to fuskar ta lanƙwashe, kuma wannan gam baya gyara shi, na ga masu ƙoƙarin shafe fuska gaba ɗaya da gam wai su daidaita ta, siririn shafi mai faɗi haka baya da abin riƙewa, alminiyom na buɗewa da zafi ya koma da sanyi kullum, wata rana zai saki.

Haka nan in cin ya huda bango ya haɗa ƙofar ruwa da ta iska, ko ya cinye bakin ƙofar har babu naman da gasket zai danna, ko ya kai ramin noti, ko akwai tsagewa, ni ba zan sa gam a nan ba kuma ba zan ce wani ya sa ba. A cikin rami gam ɗin yana da bango ta kowane gefe ga gasket ya danne shi daga sama, babu inda za shi. Amma in shi ne zai zama bangon da kansa, ruwa mai zafi na tura shi da matsin da murfin lagireto ke riƙewa, wajen bar 1 a ma'aunin matsi, ga girgizar inji, wannan caca ce da injin mutum. Kuma guntun da ya ɓalle ta ɓangaren iska cikin silinda zai faɗa. Akwai wasu gam ɗin na masana'antu irin su Devcon mai garin alminiyom da Belzona da ake gyaran famfuna da manyan injina da su, masu aiki da su suna yaba su, amma ko su ba su mai da ruɓaɓɓen manifol sabo.

Wajen ɗaurawa na sa gasket mai ƙarfe a ciki da roba a baki, irin wanda Fel-Pro ke yi don fuskokin da suka tsufa, ya fi na roba zalla haƙuri. Silikon kuma ɗan siriri na shafa zagaye da ƙofofin ruwa kaɗai da kuma kusurwoyin gaba da baya inda littafi ya ce a sa. Ban sa a ƙofofin iska ba don silikon baya shiri da fetur, kumbura yake ya yi laushi. Kuma a rage yawansa don Allah, wanda ya matso ta ciki yana yankewa ya bi ruwa ya je ya toshe lagireto ko hita. In takardar da ta zo da gasket ta ce a ɗaura shi a bushe to a bi takardar. Notocin manifol ba masu son ƙarfi bane, a wanke zarensu, a ɗaure da tok renci, wato sifana mai auna ƙarfin ɗauri, daga tsakiya zuwa waje a mataki-mataki yadda littafin ya tsara, ɗaurin hannu na ji-da-ƙarfi shi ke murƙushe gasket ya lanƙwasa kunnuwan manifol.

Bayan an haɗa na sa famfon gwajin matsi a bakin lagireto na bar shi, allura bata sauka ba. Na zubar da baƙin man da ruwa ya taɓa na sa sabo da filta, na wanke hanyar ruwa na zuba kulant, wato ruwan sanyaya inji, rabi da rabi da tataccen ruwa, na kuma kwance wayar at na goge ta na mayar. Akwai gwajin da ake yi da mita, a sa baƙar waya a kan negatif ɗin batir a tsoma jar a cikin ruwan lagireto ba tare da ta taɓa ƙarfe ba, in ana ganin abin da ya kai wajen bolt 0.3 zuwa sama to akwai abin dubawa, ko ruwan ya mutu ko wuta na bi ta ciki. Wannan ɓangaren kar a tsallake shi, gam ya cike ramukan da ake da su ne, sauran fuskar har yanzu alminiyom ce kuma in aka koma ɗura zallan ruwa sababbin ramuka za su fito a gefen facin.

Motar tana ta aiki tun lokacin, ruwa na nan inda na bar shi a tanki, murfin mai a bushe, silo ya zauna. Wanda ramukan manifol ɗinsa suke kan fuska kuma fuskar a miƙe take, yana da haƙurin tonewa da wankewa da jiran kwana ɗaya, ya saya ya yi aikinsa, tiyub biyun nan ƙanana sun ishi manifol da yawa ma don abin da ake buƙata kaɗan ne. A dai rufe murafen da kyau kar a musanya su, in murfin jan tiyub ya hau baƙin to bakin tiyub ɗin ya daskare kenan, kuma a sa safar hannu don yana damun fatar wasu kuma in ya bushe a yatsa sai an yi da gaske yake fita.